Ya'u da Maruƙan Sarkin Shanu, Bayan Shekara Biyar

Shekara biyar ke nan cif a wannan damina da rasuwar Ya'u, ɗan Goggo Hansai ta Sara. Taubashina ne, mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ya rasu muna gaba da juna, mako bakwai ba mu yi magana ba, kuma ban samu na roƙi gafararsa ba. Da a ce gado ne ko iyakar gona suka haɗa mu, da na samu bakin yin bayani a gaban mutane. Wasan waya ne ya raba mu. Ina rubutawa ina jin kunyar kaina, amma gara a ji daga bakina.

Ga wanda Allah ya tsare bai san irin wasan ba, bari in ɗan yi bayani. Turawa ne suka ƙirƙiro shi, sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa masa Ganuwa, saboda wani rusasshen birni da ke cikinsa. Ka sa data, ka zaɓi jarumi, ka shiga kufai kana sarar dodanni tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Abin da ya fi jan mutane shi ne labarin birnin, wanda ba a ba ka shi a jere. A warwatse yake: rubutu a jikin takobi, zane a bango, maganar wata tsohuwa a bakin rijiya. Kowa ya tsinto nasa guntun, a haɗu ana musu kamar tarihin kakannin wani ne.

Ni na buɗe guruf ɗin 'yan Ganuwa na yankinmu, daga kan bencin shagona na kayan babur a Birnin Kudu. Da farko direbobi ne da 'yan kasuwa irina, mutanen da in musu ya yi zafi za a tashi a sha shayi tare. Daga baya aka riƙa jawo abokai daga Kano, har aka jawo mana wani da ya sa wa kansa suna Farfesa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau. Iliminsa duka shi ne ya shiga shafukan Turawa ya kwaso abin da suka rubuta, ya juya mana da Hausa cikin murya mai ƙasaita, yana jan numfashi kamar mai tafsiri. Mu kuma, wawaye, muna cewa Allah ya ƙara basira.

Babban musun wasan a kan wani mutum ne da muke kira Sarkin Shanu, mai kula da garken sarkin birnin. Ranar da abokan gaba suka ci birnin, an neme shi an rasa, shi da garken gaba ɗaya. Farfesa ya ce magana ta ƙare tun a ƙasashen waje: mutumin maci amana ne, shi ya buɗe ƙofa, aka biya shi da shanun ya gudu. Duk guruf ya amsa. Har wanda ya yi wa wani ƙaramin laifi sai a ce masa Sarkin Shanu.

Ya'u makiyayi ne kuma manomi. Firamare kawai ya yi, Turancinsa bai wuce na karanta sunan magani ba. Ni na sa masa wasan a waya, ni na jefa shi guruf. Da rana tsaka, in shanu sun kwanta tuƙa, sai ya nemi tudun da sabis ke kamawa ya zauna. Bai iya faɗan ba ko kaɗan, kullum kashe shi ake yi. Shi dai yawo yake yi a cikin wasan yana kallon abubuwa, yadda yake yi in ya shiga kasuwar Sara: ya tsaya gaban saniya ya ƙare mata kallo, sannan ya gaya maka haihuwarta nawa. Wata rana yawon ya kai shi kufan rugar Sarkin Shanu, wurin da kowa ke wucewa a guje don babu abin tsinta. Da la'asar ya turo saƙon murya, ana jin kukan shanu a bayansa.

“Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina ganin an zalunci bawan Allahn nan. Ku je rugarsa ku duba bayan bukka. Akwai turaku biyu da doguwar igiya tsakaninsu, ga ƙasusuwan maruƙa a jere a jikinta. Dangwali ne wannan, igiyar da muke ɗaure maruƙa. Wanda zai gudu da garke ba ya barin maruƙa a ɗaure, don uwar ba za ta bi shi ba, yamma na yi za ta juyo da gudu tana kuka, sauran su biyo ta. Mutumin nan kiwo ya fita da safe da niyyar dawowa. Wani abu ne ya same shi a daji.”

Wallahi da na saurara, na san gaskiya ya faɗa. Na yi hutun makaranta a Sara, na sha ganin yadda saniya ke tsinke wa makiyayi in lokacin ɗanta ya yi. Amma taubashina ne, kuma tun muna yara ban taɓa barin maganarsa ta wuce ban tsokane shi ba. Ni in ce masa ɗan daji, shi ya ce min ɗan birnin da ke tsoron akuya, Goggo tana gefe tana dariya tana zuga mu. Kafin kowa ya amsa na danna na ce, “To jama'a, ga Malam Dangwali ya zo da fatawa daga gindin saniya. Ya'u, ka wanke ƙafa kafin ka shigo majalisar masu ilimi?”

A tsakar gidan Goggo, da ya rama da wadda ta fi wannan zafi, an yi dariya an wuce. Abin da ban lissafa ba shi ne, a guruf akwai mutum sama da ɗari, kuma babu taubashin Ya'u a cikinsu sai ni. Ni al'ada ta ba ni izinin wasa da shi. Su kuwa suka ga ɗan'uwansa na jini ya buɗe ƙofa, suka shigo da takalmansu. Kafin magariba sunan ya bi shi. Wani ya ɗauki hotonsa ya manna masa ƙaho ya mai da shi sitika. Farfesa ya yi jawabin minti goma sha ɗaya, wai manazarta na duniya sun gama bincike, ba za a rushe shi da shaidar mutumin da bai iya karanta rubutun jikin takobi ba. Manazarta! Zauna-gari-banza irinsa ne a wata ƙasa, bambancinsu kawai sanyi da Turanci.

Ya'u ya yi haƙuri kwana uku ana aika masa hotonsa da ƙaho. A na huɗu ya fashe. Ya ce wa Farfesa jahili ne da bai san ta inda nono ke fitowa ba, ya haɗa da wata kalma da ba zan sa a jarida ba. Dokar guruf, wadda ni na rubuta da hannuna, ta ce ban da zagi. Mutanen da suka kwana uku suna cin mutuncinsa suka taso gaba ɗaya suna neman a bi doka. Na bi. Na cire shi, ina cewa a raina jibi zan mayar da shi mu yi dariya, ai Ya'u ba ya fushi da ni.

Jibi ta zo ban mayar ba, ina jira ya kira in ja shi da wasa. Bai kira ba. Na ce to bari mu ga wanda zai fara gajiya. Ni da nake jin wa'azi kowace Juma'a kan haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, na riƙa gaya wa kaina wannan ba gaba ba ce, wasan taubasai ne ya ɗan yi tsawo. A mako na bakwai na tafi Kano saro kaya. Ina can zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu kacal. Da na iso Sara har an dawo daga maƙabarta. A guruf aka jera addu'o'i iri ɗaya, kowa ya kwafo ta wani ya manna, bayan sa'a guda aka koma musu kan wani takobi.

Da Ya'u zai leƙo yau, me zai gani? Shekara biyu bayan rasuwarsa, wani Bature da aka ce ya taɓa kiwo a ƙasarsu ya rubuta dogon bayani a shafinsu, da hotuna da jan kibiya, cewa ga igiya ga maruƙa, Sarkin Shanu bai gudu ba. Magana ɗaya da ta Ya'u, ba ƙari ba ragi. Washegari Farfesa ya kawo mana ita da zafinta, yana farawa da cewa kamar yadda ya daɗe yana hasashe. Kai jama'a! Guruf ya ɗauki kabbara. Waɗanda suka manna wa ɗan'uwana ƙaho suka koma su ne masu kare mutuncin Sarkin Shanu, har da masu sa hotonsa a fuskar wayarsu. Babu wanda ya ambaci Ya'u. Ni ma da nake riƙe da saƙon muryarsa a wayata ban tura ba, don in na tura, maganata ce ke biye da tasa.

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan kuwa har yau ba su raba gardamar ba, suna can suna sayar wa mutane sababbin riguna da takubba masu walƙiya. Guruf ya rabe biyu, yanzu faɗan da ake yi shi ne maruƙan bakwai ne ko tara, kuma an cire mutum huɗu a kan haka. Magidanta ne fa, wasu da furfura a gemu. Akwai direban da ya san sunan sarakunan Ganuwa goma sha biyu a jere, amma in ka tambaye shi sunan kakar mahaifinsa sai ya hau sosa ƙeya. Ina jin da Ya'u ya ga wannan, ba zai ma yi fushi ba. Zai yi ɗan tsakin nan nasa, ya sa waya a aljihu, ya tafi ya duba ko an ba maruƙa ruwa. Ina raina mutanen nan ƙwarai, kuma na san a sahunsu nake, sahun gaba ma.

Bana na kasa ci gaba da riƙe abin. Na hau babur na tafi Sara, na tarar da Goggo tana tsince wake a inuwar rumbu. Shekara biyar ina zuwa gaishe ta da goro da sabulu, ban taɓa buɗe bakina kan wannan ba. Na durƙusa na zayyana mata komai, har da ƙahon. Ban san yadda ake yi wa tsohuwa bayanin guruf ba, ashe ba ta buƙata.

“Na sani, Sanusi,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ya gaya min tun a lokacin. Ya ce duk abin da baƙin nan suka faɗa bai dame shi ba, ba su san shi ba. Ya ce amma kai ka san gaskiya ya faɗa.”

Na ce, “Goggo, kafin ya cika, ya ce ya yafe min?”

Ta daɗe tana juya waken a faifai. “Ni dai na yafe maka nawa, ɗan ƙanena ne kai. Nasa kuwa, bai ce min ya yafe ba, bai ce min bai yafe ba. Ba zan yi wa mamaci ƙarya don ka ji sanyi ba. Tashi ka ci abinci.”

Na ci, don ba a ƙin abincin Goggo, amma ban san abin da na ci ba.

Idan aka auna abin da Ya'u ya bari, ba shi da yawa a idon duniya. Shanunsa suna hannun yayansa, sun ƙaru. 'Yarsa Hauwa ta shiga aji uku, tana da irin shirunsa da irin kallonsa. A kasuwar Sara har yanzu in ciniki ya rikice akan ce da Ya'u na nan da ya duba mana ita. Mutum ne da ya ga an yi wa wani ƙazafi, ko da wanin nan zane ne a cikin waya, ya kasa yin shiru. Ni kuwa an yi wa ɗan goggona na gaske, mai jini da nama, ina riƙe da ragamar wurin, na taya.

Makon jiya na tura saƙon muryarsa a guruf, da tawa maganar a biye, ban goge komai ba. Na rubuta cewa ga wanda ya fara faɗa, ga kuma wanda ya fara yi masa dariya. Mutum uku suka ce Allah ya jiƙansa. Farfesa ya ce a kiyaye, wannan ba shi ne maudu'in yau ba. Na fita daga guruf ɗin da na buɗe da hannuna, kuma na san fitar ba ta biya komai ba. Mutum ɗari sun ji na ba da haƙuri, ban da mutum ɗayan da nake nema. Mai karatu, in ka kai nan, ka yi wa Ya'u addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Ni kuma tambayar da na yi wa Goggo, sai ranar da muka tsaya gaban Allah zan ji amsarta daga bakinsa.