Tsakuwoyin Baffa Yero

Baffa Yero mutumin Kurfi ne. Tun da ɓarayi suka kore masa shanu ya koma tufkar igiya yana sayarwa a kasuwar Dutsin-Ma. Gadon da ya rage masa yaƙi ne guda, na zamanin da Katsinawan Maraɗi da na gida ke kai wa juna hari, yadda kakansa ya ba shi labari. Tsakuwoyi bakwai yake yawo da su a aljihu. Farar ita ce Barde Ilu, baƙar Jarmai Zubair. Ko an taɓa yin waɗannan mutane, Allah masani.

Ran nan ni na tsokane shi.

"Baffa, jiya ka ce Barde ya ci yaƙi, shekaranjiya ka ce gudu ya yi."

"Ɗan'auta, bakinka ya girme ka. Tsuguna."

Ya share ƙasa, ya ja layi da kara. Ga Makera, ga Kuki, ga Dabawa. Ya jera tsakuwoyinsa a kai, ya shiga labarin yaƙin. "A rafin nan za su ɓuya, su rabu biyu. Rabi su ɓullo ta bayan Dabawa, maza duk suna gona."

Sai na ga bakin bindiga kusa da baƙar tsakuwa. 'Yan sa-kai ne, su huɗu. A makon nan 'yan bindiga suka kwashe mutane a wani ƙauye, kuma kowa ya san ƙarshen wanda aka kira infoma, wato mai kai musu rahoto. Ga tsoho Bafulatani, ga zane, ga sunayen garuruwa.

Masu rumfuna suka fara zamewa.

"Tsoho, su nawa ne?" in ji babbansu, Misbahu.

"Ɗari uku."

"Yaushe za su shigo?"

"Sun shigo, ɗana. Tun kafin Turawa."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗayansu ya shaƙe wa Baffa wuyan riga, wani ya ɗauki igiya cikin kayansa. Sai na sa baki.

"Yallaɓai, shekara ashirin yana yaƙin nan a wurin nan. Ga Hajiya Batula mai fura, ku tambaye ta."

Hajiya ba ta ko leƙo zanen ba. "Sun kai rafi? To saura dokin Barde ya karye a Kuki, Jarmai ya ɗauke shi a kafaɗa. Tun ina goyon Mas'uda nake jin wannan dokin yana karyewa."

Misbahu ya daɗe yana kallon farar tsakuwar, tana zaune daidai kan Kuki. Ya sa takalmi ya murje zanen, ya ce a saki tsoho.

Baffa na nan yana tufka, aljihu ba komai. Jiya na raɗa masa, "Ina labarin Barde?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "An yi sulhu," ya ce.