Ɗaki Mai Bango Uku

Shekarun baya, lokacin ina aiki a shagon wani mai sayar da tayil, ogana ya kama rumfa a baje kolin kayan gini. Bai jera kwalaye kamar sauran 'yan kasuwa ba. Ɗaki ya sa aka haɗa, bango uku babu rufi, ƙasa shimfiɗe da farin tayil, da kujera ɗaya, da taga wadda aka manna wa hoton tafkin Jabi. Aikina in zauna a ciki in karɓi baƙi.

Ni kuwa na kasa taka tayil ɗin da takalmi, tsoro nake kada in bar masa tabo, sai in cire a bakin ɗakin. Da mutane suka ga takalmina a ajiye, su ma suka fara cirewa, wasu har da sallama, a ɗakin da ko ƙofa ba shi da ita. In jama'a ta ragu nakan zuba wa tagar nan ido har in ji kamar iskar ruwa na shigowa. Sai in ga mahaifiyata a zuci a kan kujerar, ta miƙe ƙafa, tana gyangyaɗi.

Ana nan ogana ya ce 'yan talabijin za su zo. "In sun tambaye ka, ka ce irinsa ne a gidanka."

"Oga, ɗakina a Dutse Alhaji siminti ne, ya ma fashe."

"Wa zai bi ka Dutse ya duba? In ba za ka iya ba, masu son aikin suna nan da yawa."

Da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata, kuma ita ce ke toshe fashewar simintin da tsumma saboda tururuwa. In ta gan ni a talabijin ɗin maƙwabta ina sharara ƙarya fa? Na zagaya bayan rumfa na yi ta gwada maganar, ta ƙi fita.

'Yar jaridar wata 'yar Filato ce mai fara'a. Ta ga takalma, ta cire nata, ta taka, ta ce, "Kai, sanyi! Malam, haka kake jin daɗi a gida ma?"

Ogana na tsaye bayan mai kyamara yana gyaɗa mini kai.

Na ce, "A'a, ni siminti ne a ɗakina. Amma kullum in na taka wannan da tafin ƙafata, sai in ji kamar na gama gini, mahaifiyata na zaune a nan tana hutawa." Na yi ta zuba, har da tagar, har da iskar.

Ogana bai amsa gaisuwata ba ranar. Na koma gida ina tunanin inda zan nemi dako. Amma maganar tawa suka sa a labarai, washegari takalma suka taru a bakin rumfa kamar ƙofar masallaci, kowa yana son ya ji sanyin. Ogana ya dube ni ya ce, "Kai dai Allah ya so ka. Tashi ka goge tayil ɗin, sun ɓata."

Da aka rushe rumfar, shi ya ba ni tayil ɗin da suka guntule a gefe. Ba su cika ɗakinmu na Dutse ba, sun dai isa gaban gadon mahaifiyata. Har yau in na je, a nan nake cire takalmi.