Malama Rula da Layi na Tara

Kafin mai shara ya gama da baranda, Malama Rula ta riga ta buɗe ɗan ofishinta da ke bayan ɗakin karatu. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana shirya 'yan ajin ƙarshe don neman gurbi a jami'a, kuma wannan watan za ta yi ritaya.

Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba mata. Fom ba ya barin teburinta sai mai shi ya ɗora rular katako a kai, ya karanta layi bayan layi da babbar murya. Masu gaggawa sun sha yin tsaki ciki-ciki. Ko a jikinta.

Mai buga takardun makarantar har yau tana ba da labarin wata 'yar tela, gwanar lissafi. Ana gobe za a rufe karɓar fom, yarinyar ta zo tana karatu tiryan-tiryan. Da rula ta sauka layi na tara, inda ake rubuta abin da mutum zai karanta, sai muryarta ta shige ciki.

"Maimaita, 'yata."

"Aikin jinya."

"Ke da ke suma in kin ga jini?"

Sai hawaye. Ashe injiniya ta ce wa babanta tana son zama, keken ɗinki na ta ƙara, shi kuwa ya ji jinya. Kafin la'asar ya shelanta wa duk layinsu, har ya yanka mata farar riga. Kunya ta hana ta gyara masa.

Malama ta yafa mayafinta, ta kama hannun yarinyar, sai shagon tela.

"Maigida, don Allah ɗaga ƙafarka daga keken nan minti ɗaya. 'Yarka za ta yi magana."

Ya ɗaga. Yarinyar ta faɗa a fili. Tela ya dubi farar rigar da ke rataye, ya daɗe, sannan ya ce, "Haba uwata, da haka za ki cuci kanki saboda yadi uku?"

Yau yarinyar ce ke kula da injinan da ke tura wa garin ruwa. In an tsokani tsohon, cewa yake, "Ai jinyar ce dai, ta injuna."

Malama, ke ce kunnen da ke jin abin da yaro ya kasa faɗa. Ba a taɓa kiranki gaban taro ba, amma muna ƙaunarki, kuma mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma iyaye da malamai, rula ba ta da wuyar samu. In yaro ya zo da magana, ku ɗaga ƙafa daga keken.