Sawu Biyu a Tsakar Gidanmu

Har yau idan na ga kare yana sassarfa a gefen titi, kansa nan gindinsa can, sai raina ya ɓaci. Karen bai yi mini komai ba. Kakata yake tuna mini, Inna Tumba, da wata tatsuniya da ta yi mana wadda ba don mu ta yi ta ba.

A wani ƙauye kusa da Bilbis na tashi. Lokacin sanyi, da an idar da isha'i, mukan kewaye murhun Inna mu da 'ya'yan maƙwabta, tana tura kara a wuta tana soya mana gyaɗa, kwandon audugarta da mazari a gefe. Mace ce mai baki. Ba wanda ta ƙyale a garin, har mai unguwa ta taɓa wankewa tas a kan akuya. Mutum ɗaya ne bakinta ke mutuwa a gabansa, wato babana, ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Kunya ake ce wa wannan, kuma duk garin yaba mata ake yi.

Da babur Baba yake ciyar da mu. Hatsi yake ɗauka daga ƙauyuka zuwa Tsafe, wani lokaci har Gusau, buhu a kan buhu. Sarƙar babur ɗin ta riƙa saki, shi kuma sai ya kwance notin tayar baya, ya ja tayar, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ɗaure. Inna ke sharar tsakar gida da safe, ita ta lura cewa idan ya tura babur ɗin miƙe zuwa zaure sawu biyu yake bari, na baya ya kauce wa na gaba. Ta san ma'anar haka. Ƙanenta bakanike ne a Bungudu, kuma zaren da yake miƙawa daga tayar baya zuwa ta gaba, hagu da dama, don ya ga ko sun daidaita, ita ke kaɗa masa. Ta sha jin yana cewa karkatacciyar taya cinye haƙoran da sarƙa ke hawa take yi, wata rana kuma ta tuɓe sarƙar ana tsakar gudu.

Ta gani, ta sani. Sai ta yi me? Sai ta yi tatsuniya.

Ranar Baba yana tsugune a bakin zaure da fitila da sifana. Inna ta ɗaga murya fiye da kullum. "Ga ta nan ga ta nanku, da masu kunne da masu toshe nasu!" Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai a da, dabbobi kan cire ƙafafunsu idan za su kwanta, kamar yadda muke tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki. Da safe kowa ya mayar da nasa, ya je wurin tsohuwa Tautau ta miƙa masa zare daga hanci zuwa wutsiya, ta ga ko na baya sun bi na gaba. Rannan Kare ya jiyo ƙamshin nama daga kasuwar Tsafe. Ya zura ƙafafunsa na baya a gurguje, ya ce idonsa ya ishe shi, ba ya layin zare. Ya zuba da gudu, gabansa ya nufi Gusau, bayansa ya nufi Mada. A miƙaƙƙiyar hanya bai ji komai ba, har yana yi wa Jaki dariya. Da ya iso kwana sai kai ya juya, gindi ya ƙi, ya rufta tsohuwar rijiya. Da ƙyar aka ciro shi, kuma ƙafafun ba su sake ciruwa ba. Shi ya sa yake tafiya a karkace, kuma kafin ya kwanta sai ya yi ta zagaye yana neman bayansa.

Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ce, "Inna, to ina uwatai? Ba ta gani ba da za shi hita?"

Ta buga muciya a ƙasa. "Ruhe man baki! Uwa ba ta cikin zancen ga."

Daga zaure Baba ya yi dariya. "Ku hwaɗa ma Inna, karen ga ya daɗe shina bin hanyag ga, bai taɓa hwaɗuwa ba."

Ta dubi wuta ta ce, "Ku ce mashi rijiya ba wurin wasan makaho ba ce." Ko ƙurunƙus ba ta yi mana ba, ta kore mu. Da safe ta ajiye ƙwaryar zare a kan kujerar babur. Baba ya ɗinke bakin buhu da zaren.

Sanyi bai fita ba sarƙar ta tuɓe tsakanin Tsafe da Gusau. Ta naɗe, tayar ta cije, kayan suka danne masa ƙafar hagu. An yi ɗori, an je asibiti, ƙafar ba ta dawo ba, bai sake hawa babur ba. Da aka kawo shi gida, Inna ta tsaya a bayan ƙofa tana tambayar mahaifiyata, "Yaya mai jiki?" Ba ta shiga ba. Mata 'yan dubiya suna ta cewa, kai, Tumba akwai kunya. Ni da nake kwana a ɗakinta na san da bakin zane take toshe bakinta kada a ji kukanta.

Ina sonta, Allah Ya jiƙanta, babu wanda ya kai ta iya zance. Amma na girma da haushinta, da na Baba, da na duk wanda ya ce ta burge. Baba mutum ne da bai taɓa tsallake umarninta ba, ko ta bakin yaro ya iso masa. Da ta ce kada babur ɗin ya fita sai an sa masa zare, wallahi da bai fita ba. Tatsuniya kuwa tana da ƙofar baya, mai taurin kai ya yi dariya ya bi ta can ya wuce. A da ina zaton darasin na Kare ne, kada a yi gaggawa. Sai da na haihu na gane na uwar da aka cire daga labarin ne.

Yanzu a Gusau nake aure, ɗana na fari, Nasiru, acaba yake yi. Kwanan baya na fito na gan shi a ƙofar gida ya rufe ido ɗaya yana leƙen tayar baya. "Nasiru!" na kira shi, har masu wucewa suka waiwayo. Ya ce ai ya duba zanen awo da ke jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar, hagu da dama. Na ce zanen da tsatsa ta cinye? Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai tsinke a wayarsa, wai ana maƙala shi a haƙoran baya a ga ko tsinken ya bi sarƙa, zai saya. Na ce, "Sayi, amma yau ba ka hita sai ka auna da zare, ina kallo." Ya shiga neman zare yana ƙunƙuni.

Maƙwabciyata Hajiya Asabe ta kama baki. "Ke Hajo! Ɗan hwari? Ki kira sunanai gatsau gaban mutane? Ina kunya?"

Baba yana zaune a kan tabarma, an kawo shi ganin likita a bayan mashin ɗin wani. Ya gyara ƙafar da hannu biyu, bai ɗago kai ba.

"Ƙyale ta, Hajiya," in ji shi. "Da an kira ni haka, da ƙahwata zan zo gidan ga."