Neman Asalin Wani Shuɗin Dutse

Na ɗauko wannan bayani daga littafin aljihuna na farkon shekarun 1990, kamar yadda na rubuta shi a lokacin. Lokutan da na ambata na agogona ne. Nisa kuwa ban rubuta ba, domin ma'aunin nisa na motar da na shiga ya lalace, ni kuma ba na son kintace. Shugaban sashenmu na nazarin duwatsu ne ya aike ni in samo wa ɗakin ajiya akwamarin, wani shuɗin dutse mai daraja, yana manne da uwar dutsensa, tare da sunan ramin da aka tono shi. Ya ce wannan zai duba kafin ya ɗauke ni aiki.

Laraba: Sabon Tasha zuwa Kafanchan

Mun tashi ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba a Fijo, mu tara. A shingen Kachia, inda warin citta ya cika hanya, ɗan sanda ya zaro gudumata daga jaka.

"Kai kafinta ne?"

Na fara bayani kan duwatsu. Direba ya katse ni: "Ofisa, ɗan makaranta ne, bai karya kumallo ba."

Sha ɗaya saura kwata na isa shagon Alhaji Sule, dillalin duwatsu a bayan kasuwa. Ya warware tsumma, sai ga akwamarin mai kusurwa shida, tsawon yatsa, a tsaye cikin uwar dutsensa fara. Na tambayi asalinsa.

"Wajen Nok," in ji shi, yana duban titi. "Dawo jibi, ɗana, in shirya maka shi."

Alhamis: Nok

Na ga bai kamata in rubuta abin da ban gani da idona ba. Ƙaramar bas ta kai ni Kwoi, babur ya ƙarasa da ni ƙarfe ɗaya da rabi. Aka haɗa ni da Baba Bulus, tsohon malamin firamare wanda ya taɓa haƙar duwatsu. Matarsa ta kawo tuwon acca, ya sa albarka, sannan ya saurare ni.

"Alhaji ya ce Nok?" Ya yi dariya har da tari. "Yarona, dillali ba ya faɗa ramin gaskiya. In ya faɗa, gobe mutum ɗari yana wurin da diga. Ni ma lokacin nawa, in na tono a gabas, yamma nake cewa."

"To daga ina ne, Baba?"

"Wataƙila Gidan Waya. Wataƙila kuma nan ɗin ne."

Na ruɗe, amma na kwantar da hankalina da cewa farin dutsen da ke jikinsa zai nuna asalinsa idan an gwada shi a sashenmu.

Juma'a: Kafanchan zuwa gida

Ƙarfe tara Alhaji ya tarbe ni da fara'a, ya miƙo mini dutsen tsirara, an shafe shi da mai yana ƙyalli.

"Na sa an fasa maka dattin nan duka. Baƙo irinka ba na sayar masa da nauyin banza."

"Alhaji, dattin nake nema! Ina ɓaraguzan?"

Ya nuna tsibi a bayan shago, inda ake zuba na kowane rami tun bara. Na durƙusa na tona kusan awa guda, duk farare ne, duk iri ɗaya. Na roƙe shi ya gaya mini gaskiyar wurin.

"Wanda ya kawo mini ma Nok ya ce. Ka ga ni ma ban yarda ba."

Na iso gida ƙarfe shida da minti goma. Ina godiya ga Allah, da Baba Bulus da iyalinsa, da Alhaji, wanda na tabbata alheri ya nufa. Dutsen yana kan teburina, ranar Litinin zan miƙa shi. A takardar da za a liƙa masa na cike suna da launi da tsawo. Layi ɗaya ya rage, kuma har yanzu ban san amsarsa ba: a ina aka tono shi?