Ganyen Barkono a Tulun Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifinmu, tana da wani irin jar gyaɗa mai ƙananan ƙwaya da ta gada a wurin uwarta. Duk ƙauyenmu na bayan Tiga babu mai shi sai ita. Kowace kaka takan ɓare irin ta zuba a tulu, hawa ɗaya gyaɗa, hawa ɗaya busasshen ganyen barkono, har wuya, sannan ta liƙe bakin da laka. Ban taɓa ganin fumfuna a tulun nan ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin yayana ya dawo daga makarantar koyon aikin gona, da takardar shaida da dogon takalmin roba wanda yake sawa ko da rani. Ya tarar da ita tana jera ganyen.

"Goggo, miya za ki kaɗa ne? Wannan ai camfi ne."

"Malam, camfin nan ne ya yi maka ƙulin da ka tafi makaranta da shi."

"Iska ce ke ɓata iri. A hana shi iska, shi ke nan."

Mahaifinmu ya ce a bar mai ilimi ya yi aikinsa. Yaya ya zazzage tulun a tabarma, ya tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin da bai taɓa yi wa gona ba, ya watsa wa awaki. Gyaɗar kuwa ya ɗura ta a buhun taki mai leda a ciki, ya ɗaure tam. Ko ƙwaya ɗaya bai tauna ba don ya ji ko ta gama bushewa. Ni na riƙe masa bakin buhun, domin ni ma a lokacin ina ji da bokona.

Da ruwan shuka ya sauka aka kwance buhun. Wari ne ya fara fitowa. Gyaɗar ta cure wuri guda, kore da baƙi. Goggo ta yini tana tsintar masu ɗan dama-dama, ta tara cikin kwano ɗaya, ta shuka. Ko ɗaya bai tsiro ba. Yaya ya ce ledar ce ba ta da kyau. Daga wannan shekarar gyaɗar kasuwar Kwanar Dangora take shukawa, kamar kowa.

Bayan shekaru sai ga shi ya shigo da fara'a, wai ya ji masana sun ce ganyen barkono yana ɗauke da sinadarin da ke hana fumfuna yaɗuwa.

"Kin gani ko, Goggo? Kimiyya ta tabbatar!"

Ya faɗa kamar shi ya gano. Goggo ba ta ɗaga kai daga ɓarar da take yi ba.

"Madalla, Malam. In ka gan su, ka tambaye su ko suna da jar gyaɗata."