Safar Roba a Hannun Mai Wankin Ganye

Shekara ashirin da uku Inna Mai Ganye ta yi a tsaye gaban famfo ɗaya, a ƙuryar kicin ɗin wani otal, gefen tagar da ba ta buɗuwa. Ba ta taɓa ɗora tukunya ba, ba ta taɓa leƙa ɗakin baƙi ba. Nata wanki ne: latas, kabeji, kokwamba, tumatir. Mijinta ya rasu tana da goyo, da famfon nan ta raini 'yarta, da shi kuma take riƙe da jikoki biyu da 'yar ta mutu ta bari.

Abin da ba wanda ya sani, idonta ya tafi. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama yana bin sahu. Amma yatsunta ba su tsufa ba. Sai ta ɓare latas ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta bi bayan kowane ganye da babban yatsa tun daga gindi har baki. Yashi komai ƙanƙantarsa, tsutsa komai laɓewarta, sai ta taɓo su. Ta ɗauraye sau uku, ta shimfiɗa a tawul ya tsane. Tsoro take ji kullum, don ta san ranar da aka gane za a ce ta je gida ta huta, irin hutun da yara ke kwana da yunwa.

Sai aka kawo sabon shugaban kicin. Yaro ne, ba mugu ba, ya dai yi karatu da yawa. Ranar liyafar auren 'yar mai otal, da baƙi ɗari uku a hanya, ya shigo da kwalin safar hannu ta roba, mai kauri.

"Inna, yau kowa da safa," in ji shi.

"Ɗan nan, hannuna ya fi safarka tsabta. Kana shan nono nake wankin nan."

"Na sani, Inna. Surukan maigida ne za su zago su ga kicin."

Nan ne ya kamata ta faɗi gaskiya. Ta buɗe baki, ta tuna jikokin, ta miƙa hannu ta karɓa.

Da ya juya baya ta zare safar ta cusa a aljihu. Mai suya, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta hango.

"Inna, hannu aka ce, ba aljihu ba."

Aka yi dariya, shugaban ya waiwayo, ta mayar. Ta bi bayan ganye da yatsa kamar kullum, sai ta ji kamar ta cikin bargo take taɓawa. Ta ƙara gishiri. Ta ɗauraye sau biyar maimakon uku, baho bayan baho. Aka yayyanka, aka zuba mai da lemun tsami, aka jera. Kowa ya ce salak ɗin ya yi kyau, ita ma ta ce haka ne.

Ba a yi rabin awa ba mai kai abinci ya dawo da faranti ɗaya, na uwar ango. Shugaban bai ɗaga murya ba. Ya kawo farantin dab da fuskarta.

"Inna, dubi nan."

Ta duba. Kore ta gani, da ɗan ja.

"Tumatir ne ya yi laushi?" ta tambaya.

Tsutsa ce mai tsawon gaɓar yatsa, tana tafiyarta a saman ganyen, ko daga bakin ƙofa ana hango ta. Inna ta zare safa, ta kai hannu cikin farantin tana lalube. Mai suya ta kawar da kai.

Shugaban ya dubi idanunta.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Me ya hana ki faɗa mini da safe?"

"Da na faɗa, da ka bar ni a gaban famfon?"

Ya ajiye farantin, ya ce wa mai suya ta ɗauko wa Inna jakarta, kuma ta riƙe mata hannu a matakala.